Littafin 'yan fashin teku da ya hana majalisarmu tashi da wuri

Littafin dai tsoho ne, bangon baya babu, shafin farko ya yage rabi, a wajen masu sayar da littattafan gwanjo na Sabon Gari na tsinto shi cikin tulin tsofaffin mujallu da littattafan 'yan firamare. Abin da ya ja ni hoton gaban ne, wani mutum ya riƙe igiya da hannu ɗaya, takobi a ɗaya hannun, ya yi lilo daga wannan jirgin ruwa zai dira a wancan, bayansa hayaƙin igwa ya turnuƙe ko'ina. Ko ciniki ban tsaya yi sosai ba na biya na cusa shi a aljihu. A daren ban rintsa ba sai da na ga ƙarshensa, aka ɗauke wuta na ci gaba da fitilar waya har caji ya kusa ƙarewa, ina rufe shi ana kiran assalatu.

Yau kusan wata biyu kenan yana yawo hannu da hannu a layinmu, masu jin Turanci su karanta, waɗanda ba sa ji kuma mu ba su labari da baki bayan isha'i a ƙofar shagon abokina tela inda muke zama, ga mai shayi a gefe. Labarin ciki ba baƙo ba ne ga duk wanda ya saba da irinsu, saurayi ne aka zalunta aka tura shi aikin dole a jirgin yaƙin sarki yana shan bulala safe da yamma, ya samu ya gudu ya faɗa hannun 'yan fashin teku, sannu a hankali ya zama kyaftin ɗinsu, ya dawo ya rama abin da aka yi masa, sarki ya yi masa afuwa, ya auri 'yar gwamna. Shi ke nan fa. Amma wallahi ban taɓa ganin littafi ɗaya ya raba kan mutane kamar wannan ba, har akwai daren da mai shayi ya kashe wuta ya tattara kofunansa ya tafi mu muna nan muna ta musu.

Ni dai bari in faɗi nawa tun daga farko, ina son labaran nan, so na gaske, tun ina sakandare. Mu da muka taso da littattafan yaƙi na haya, ka biya kuɗin kwana ɗaya ka karance ka mayar ka karɓo na biyu, sadaukai da matsafa da aljanu da sarakuna, to labarin 'yan fashin teku ɗan'uwansu ne na jini, doki ne ya koma jirgi, dokar daji ta koma ruwa, sai dai babu aljanin da zai zo ya sure jarumi in an ritsa shi, daga iska sai albarushi sai ƙarfin zuciya. Sannan mu Kanawa ba mu da teku. Ruwa mafi girma da na sani ina yaro dam ɗin Tiga ne, sai kogin Wudil in mun hau gada da damina. Sai da na kai shekara 24 na tsaya a bakin teku a Legas, na ga ruwa ya tafi ya tafi har ya haɗe da sama babu ɗaya gaɓar, ƙarar igiyar ruwa tana dukan ƙirjina, a nan na gane abin da na yi shekara da shekaru ina karantawa. Ina ganin nisan nan da ke tsakaninmu da teku yana cikin abin da ke ƙara wa labaran armashi a wajenmu.

Abokina tela shi ba ruwansa da dogon bayani. In na fara labarin yadda aka ɗaura manyan ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su, ko sunayen igiyoyi, sai ya ɗaga ƙafa daga keke ya ce mutumina tsallake, kai mu wajen da aka haɗu. Shi a ba shi sara da suka, a ba shi tsalle daga kan tebur, jarumi yana faɗa da mutum uku yana kuma yi musu ba'a. Kuma yana da gaskiyarsa, marubuta da yawa sukan cika shafi goma da bayanin jirgi don a san sun yi bincike, mai karatu na can yana hamma. Amma wurin da ya fi kama shi ya ba ni mamaki, wurin da ma'aikatan jirgin suka taru suka zaɓi kyaftin da ɗaga hannu, suka kuma faɗa masa ido da ido in ya yi musu ba daidai ba za su sauke shi. Sai da ya sa na maimaita masa wurin sau biyu. Shekara 7 ya yi yana koyon ɗinki a hannun wani ubangida da ko kuɗin sabulu bai taɓa ba shi ba sai zagi a gaban kwastoma, don haka ya ce shi kam ya san abin da ke sa yaro ya gudu daga jirgin sarki.

To wannan ɗin kuwa marubucin bai ƙirƙira ba. A zamanin da ake ɗora yawancin labaran nan, wato daga wajen 1650 zuwa 1730, rayuwar talakan ma'aikacin jirgi azaba ce zalla, ko a jirgin sarki ko na 'yan kasuwa, ga bulala ga abinci mai tsutsa ga albashi a riƙe. Da aka gama babban yaƙin gadon sarautar Sifaniya a 1713 aka sallami dubban ma'aikatan ruwa ba aikin yi, mutanen da ba su iya komai ba sai tuƙi da harba igwa, to ina za su nufa? Akwai wani littafin tarihin 'yan fashi da aka buga a Landan a 1724, wanda kusan duk marubutan nan a cikinsa suke ɗiba, ya kawo dokokin jirgin wani kyaftin ɗin 'yan fashi mai suna Bartholomew Roberts ɗaya bayan ɗaya, kowa na da ƙuri'a, kyaftin kaso biyu kacal yake ɗauka in an zo rabon ganima, ba a caca da kuɗi, ƙarfe 8 na dare a kashe fitilu, wanda ya rasa hannu ko ƙafa a bakin aiki a ba shi diyyar kuɗin azurfa 800 daga asusun kowa da kowa. Da na karanto wa tela wannan sai ya ce ka ji ko, ɓarayi ma sun san haƙƙin ma'aikaci.

Ƙanwata da ke jami'a a kwana biyu ta cinye shi, ta dawo min da shi ta ce Yaya labarin ya yi daɗi amma don Allah yarinyar nan me ta yi a ciki? An sace ta, ta yi kuka, ta suma, an ceto ta, an aure ta. Ta ce ko littattafan soyayyar da matan Kano ke rubutawa waɗanda kuke rainawa, macen ciki tana da baki tana da dabara, ko ta cuci wani ko ta ƙwaci kanta, amma wannan kamar akwatin zinariya ce ta biyu a jirgin. Na ce mata ai a tarihi akwai matan da suka riƙe makami, Anne Bonny da Mary Read da aka kama a 1720, kotu a Jamaika ta yanke musu rataya suka ce suna da ciki aka dakatar. A ƙasar Sin akwai Zheng Yi Sao da ta riƙe ɗaruruwan jirage da dubban mayaƙa, gwamnati ta kasa cin ta da yaƙi sai sulhu aka yi a 1810, ta rayu har 1844. Ga Sayyida al-Hurra da ta mulki Tetuwan a Maroko daga 1515 zuwa 1542, jiragenta suna addabar Sifaniya da Fotugal. Ta ce to ka gani Yaya, ga su nan birjik, me ya sa kullum mai suma ake kawo mana? Na yi shiru don ta fi ni gaskiya.

Akwai wani malamin tarihi na sakandare da kan zauna da mu jefi-jefi, shi damuwarsa ƙarya. Taswira mai alamar inda aka binne dukiya, aku a kafaɗa, a ɗaure wa mutum ido a sa shi ya taka katako ya faɗa ruwa, duk ya ce yawanci ƙarin gishiri ne. Taswirar da akun daga littafin Robert Louis Stevenson na 1883 mai suna Treasure Island suka bazu duniya, su 'yan fashin gaske cinye kuɗin suke a gidajen giya da caca a garuruwa irin su Port Royal da Nassau, wanda aka sani ya binne dukiya William Kidd ne, ita ma an haƙo ta, shi kuma aka rataye shi a Landan a 1701. Duk haka ne Malam. Sai dai ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan, wanda ake wa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ya tambayar ko gizo na magana, kuma aku a kafaɗa bai cuci kowa ba. Ƙaryar da ta dame ni wata ce daban, kuma Baffa ne ya tono ta.

Baffa ƙanin mahaifinmu ne, tsohon ɗan kasuwar Kantin Kwari, ba ya zama a majalisar yara amma ranar ya tsaya jiran a ƙarasa masa wuyan riga. Ya yi shiru yana ji har na kai wurin da jarumi ya tare wani jirgin 'yan kasuwa, aka ɗaga baƙar tuta mai ƙoƙon kai, ana fasa akwatuna ana ɗibar zinariya da hula, samarin majalisa suna ta ihu suna cewa ya yi musu daidai. Sai ya ce kai, tsaya, dukiyar nan ta waye? Na ce Baffa ta wasu 'yan kasuwar Sifaniya ce. Ya ce su 'yan kasuwar ba su da 'ya'ya? Ka tabbata ba bashi suka ci suka yi lodin ba? Ya ce ni an taɓa tare mu da dare muna hanyar kudu sarin kaya, aka kwantar da mu a kwalta aka taka min kai da takalmi, kuɗin mutane ne a jikina, shekara uku na yi ina biya, to in wani ya zauna ya rubuta labarin wanda ya taka min kai ya mai da shi sadauki mai fara'a, ku tafi za ku yi masa kenan? Majalisa ta yi tsit. Akwai wani a cikinmu da aka yi garkuwa da yayansa bara sai da aka sayar da gona, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Baffa ya ce ku koma Suratul Kahfi, sarkin nan mai ƙwace kowane jirgi da ƙarfin tsiya, ai saboda shi bawan Allah ya huda jirgin miskinai don kar a raba su da abin neman abincinsu, ku duba ɓangaren wa aka tsaya. Ya karɓi rigarsa ya yi mana sai da safe.

Maganar ta tsaya min a rai, kuma na so in kare abin da nake so, don haka na sayi data na zauna karatun tarihin mutanen na gaske, niyyata in samo hujjar cewa azzaluman masu kuɗi kaɗai suke taɓawa. Abin da na tarar ya fi littafin hana ni barci.

A 1695 wani ɗan Ingila Henry Every ya tare wani ƙaton jirgi mai suna Ganj-i-Sawai, na Sarkin Indiya Aurangzeb, yana hanyar komawa birnin Surat da ke Indiya. Kun san su waye a ciki? Alhazai ne da 'yan kasuwa, maza da mata, suna dawowa daga Makka. Kwanaki suka yi suna azabtar da mutane don su faɗi inda suka ɓoye kuɗi, suka keta haddin mata, har wasu matan suka gwammace su faɗa teku. Aurangzeb ya fusata aka kulle ma'aikatan kamfanin Ingila da ke Surat, aka baza neman Every ko'ina amma ba a taɓa kama shi ba, a Ingila kuwa waƙoƙi aka riƙa yi masa har da wasan kwaikwayo kamar wani gwarzo. Ni da na raka mahaifiyarmu sansanin alhazai na ga yadda tsohuwa ke ƙulle ɗan guzurinta a bakin zani tana shafawa kowane minti, ban iya karanta wannan kamar labarin wasu can ba, innalillahi kawai nake ta maimaitawa.

Sannan abin ya matso kusa da gida. Shi Roberts mai kyawawan dokokin nan da tela ya yaba, a jirgin bayi yake aiki lokacin da 'yan fashi suka kama shi a Anomabu, gaɓar ƙasar Gana ta yanzu, a 1719, cikin 'yan makonni ya zama shugabansu, ya kama jirage wajen 400 kafin ƙarshensa ya zo. A Janairun 1722 ya shiga Wida, a Jamhuriyar Benin ta yau, nan maƙwabta fa, ya tarar da jiragen bayi a tsaye suna lodi, ya ce kowa ya fanshi jirginsa da garin zinariya. Kyaftin ɗaya ya ƙi biya. Sai yaran Roberts suka cinna wa jirgin wuta da mutane wajen 80 a ciki ɗaure da sarƙa bibbiyu, wanda bai ƙone ba ya faɗa ruwa kifaye masu cin mutum suka gama da shi. Wata guda bayan nan, a Fabrairun 1722, jirgin yaƙin Ingila ya harbe Roberts a gaɓar Gabon, aka kai mutanensa Cape Coast da ke Gana ta yanzu aka rataye 52, baƙaƙen fatar da ke cikinsu kuma, sama da 60, ko shari'a ba a yi musu ba aka sayar da su bayi.

Haka Edward Teach, mai baƙin gemun nan da ake zanawa hayaƙi na fita ta ƙarƙashin hularsa, babban jirginsa asali na bayi ne na Faransawa, La Concorde, ya ƙwace shi a 1717 da ɗaruruwan mutane a ciki da aka ɗebo daga Wida ɗin nan, ya zaɓi waɗanda yake so ya bar sauran a hannun Faransawan aka je aka sayar. 'Yan fashi na son jiragen bayi ne saboda suna da gudu ga faɗin ciki. Gaskiya ne akwai baƙaƙen fata da yawa a cikin 'yan fashin, wasu sun riƙe makami sun karɓi kaso kamar kowa, amma wasu a lissafin kaya suke tare da sukari da taba. Littafin da ke yawo a layinmu ya haura shafi 300, baƙin mutum ɗaya tak ne a ciki, wani ƙato mai gatari da ke tsaye a bayan kyaftin, ko suna ba a ba shi ba, kuma ni kaina ban lura ba sai a karatu na biyu.

Da na kawo wannan majalisa sai musu ya koma kan ƙarshen labarin, wasu suka ce ai bai kamata jarumin ya ƙare da afuwa da amarya ba, alhaki kwikwiyo ne, igiya ta dace da shi. Ita ma afuwar tarihi ce, Sarkin Ingila ya shelanta ta a 1717 ga duk ɗan fashin da ya miƙa wuya, ɗaruruwa suka karɓa, shi Teach ɗin ma ya karɓa a 1718, ba a jima ba ya koma ruwa ya ci gaba, sai a Nuwamban shekarar aka kashe shi aka rataye kansa a goshin jirgi. Ina faɗin haka kowa ya kalli kowa, don babu wanda bai san muhawarar sulhu da 'yan bindiga ba a ƙasar nan, nan take zancen ya bar teku ya dawo daji, wani na cewa in sulhu zai sa manomi ya koma gona a yi, wani na cewa wanda aka kashe wa uba fa. Wanda aka ɗauke wa yaya ne ya yi magana a karon farko, ya ce shi dai a littafi ko ba a littafi ba, in za a yafe wa mutum a fara tambayar wanda aka cuta tukuna.

Malamin tarihin ya ce ai sunan ɗan fashi ma ya danganta da wanda ya riƙe alƙalami. Francis Drake ya wawashe jiragen Sifaniya, Sarauniya Elizabeth ta farko ta karrama shi da sarauta a 1581 don da ita ake rabawa. Henry Morgan ya ci birnin Panama a 1671, ƙarshe mataimakin gwamnan Jamaika aka naɗa shi. Bambancin dai takarda ce kawai daga fada mai ba ka izinin kama jiragen abokan gaba, in kana da ita kai gwarzon ƙasa ne, in babu sai rataya. Shi kuwa Hairuddin Barbarosa da labaran Turawa ke kawowa a matsayin mugu mai rawani, shugaban rundunar ruwan Daular Usmaniyya ne a zamanin Sarki Sulaiman, ya ci yaƙin Preveza a 1538, kabarinsa na nan a Santambul ana ziyarta. Nan fa samari suka ɗauka, a rubuta mana na Barbarosa, wannan namu ne. Na ce a rubuta, ni zan fara saye, amma tambayar Baffa tana nan daram, don jiragen da ke tashi daga Aljeriya da Maroko su ma sun kwashi mutane daga ƙauyukan bakin teku sun kai kasuwa, har wani ƙaramin gari a Ailan a 1631, da mata da yara. In mun ji haushin marubucin da ya ɓoye Wida, bai kamata mu mu ɓoye wannan ba.

Tela dai ya gaji ya ce shi ke nan mutumina ka ɓata mana labari, mutum ya wuni yana taka keke bayansa na ciwo, da dare yana son abin da zai ɗebe masa kewa, kai kuma ka zo mana da zaman makoki. Ban raina maganarsa ba ko kaɗan, mai karatu na da haƙƙin ya huta. Kuma ban yarda yaron da ya karanta labarin takobi zai tashi ya shiga daji ba, duk layinmu mun karanta littattafan yaƙi babu wanda ya ɗauki makami a cikinmu. Abin da ke ja na a labaran nan har gobe shi ne mutumin da aka danne ya ɗaga kai, da amanar da ke shiga tsakanin mutanen da ba dangin iya ba na baba sai jirgi ɗaya da suka tsinci kansu a ciki, da daren guguwa da kyaftin da yaron kicin ke kama igiya ɗaya kowa na kiran Ubangijinsa. Wannan kam ba zan bari ba.

Sai dai yadda nake karatu ya canza. Yanzu in jarumi ya buɗe ƙasan jirgin da ya kama, jira nake in ga marubucin zai nuna min abin da ke ciki ko zai yi sauri ya rufe ya koma kan 'yar gwamna. Na ci karo da 'yan kaɗan da suka nuna, inda kyaftin ya tsaya a gaban mutane ɗaure, dole ya zaɓa, ya kwance su ya rasa kuɗi yaransa su yi masa bore su sauke shi da ƙuri'ar nan da muke yabo, ko ya sayar da su ya ci gaba da zama kyaftin, kuma wallahi wurin nan ya fi kowane faɗan takobi sa zuciyata bugawa. Na gwada ba da irin wannan a majalisa wani dare, tela da kansa ya tsayar da keke ya juyo, bai ce tsallake ba, sai cewa yake to ya aka yi, to me ya zaɓa.

Abin da nake ta juyawa a raina kuma, mu me ya hana mu rubuta namu? Muna da marubutan da za su iya cika littafi goma da yaƙin birnin da babu shi a duniya, alhali ga kayan aiki a gida, ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja neman goro, wata da watanni a hanya, da madugu da jagaba da uban dawaki, ga mahara na dako a bayan kowane dutse. In kuma tekun ake so, Hausawa sun shiga shi ba da son ransu ba, a farkon shekarun 1800 an kai su da yawa Bahiya a Barazil, suna cikin Musulmin da suka yi bore a can a 1835, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Kuma in za a rubuta sai a faɗi duka, har da wanda ya kama su tun daga nan gida ya miƙa su kudu, don Bature a bakin ruwa yake jira.

Ni dai na fara nawa. Almajiri ne ɗan shekara 15 da mahara suka ɗauke a hanyar Gwanja a shekarun 1820, lokacin da fashin teku ya sake tashi, aka yi ta sayar da shi hannu da hannu har bakin ruwa, 'yan fashi suka tare jirgin a tsakiyar teku, labarin daga bakinsa yake fitowa, yana ƙasan jirgi cikin duhu yana jin ƙarar igwa da takun ƙafafu a sama bai san ko ceto ne ya zo ko sabon ubangida ba. Ƙanwata ta ce dole a sa mace mai baki, ta ma zaɓa mata sana'a, mai dafa wa ayari abinci ce da ta san magunguna. Tela ya ce kar a wuce shafi 5 ba a zare takobi ba. Na karanta wa Baffa shafukan farko ranar Lahadi bayan la'asar, ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce to shi wanda ya sayar da yaron a kasuwa kar ka manta ka ba shi suna da gari. Na ce in sha Allahu Baffa. Inda na maƙale yanzu kalmomin ruwa ne, ba na son in cika shi da Turanci, don haka ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shiga mota zuwa Wudil, in an sauko daga masallaci in nemi masu kwale-kwale a bakin kogi in ji yadda suke kiran gaban jirgi da bayansa da sandar tuƙi, da sunan iskar da in ta taso suke juyawa su koma gaɓa.